Littafin Nahawun Turanci na Raymond Murphy: Yadda Yake Koyar da "An Ce" da "Ana Ganin"

Littafin English Grammar in Use na Raymond Murphy ya fara fitowa a shekarar 1985 daga maɗaba'ar Jami'ar Kambirij, an kuma yi masa bugu na biyar a 2019. Shi ne mai shuɗin bangon nan da ake yawan gani a hannun malaman Turanci da ɗaliban da suka wuce matakin farko. Darussa 145 ne a cikinsa, kowanne ya ci shafi biyu da ke fuskantar juna, bayani a hagu, aikin gwaji a dama. Na auna shi ne a kan abu ɗaya da ke wahalar da Bahaushe mai koyon Turanci, wato jimlolin da ake faɗin yadda ake kallon mutum ko sunan da aka laƙa masa ba tare da an ambaci mai kallon ko mai laƙa sunan ba, irin su "he is said to be", "she is regarded as" da "it is known as".

Wannan fanni ya cancanci a tsaya a kansa, domin da shi jaridu da rahotannin kotu da littattafan tarihi suke magana a kan mutane. Hausa tana da tata hanyar mai sauƙi: mukan ce an ce shi mai kuɗi ne, ana yi mata kallon uwa, an san shi da gaskiya. A duk waɗannan, "an" ko "ana" ne ke shiga gaba, wanda ake maganarsa kuma ya biyo baya. Turanci yakan ɗauko mutumin ya kai shi farkon jimla, ya sa "is" ko "was", sannan ya kawo aikatau a siffarsa ta uku, kamar "said" ko "known". Ɗalibin da bai saba da wannan juyi ba sai ya yi ta rubuta "they say" da "people call him" a kowane layi, alhali rubutun jarrabawa da na ofis sun fi son ɗaya siffar.

Murphy ya ware darussa biyar, daga na 42 zuwa na 46, ga jimlar da Turawa ke kira passive, wato wadda ake fara ta da wanda aka yi wa aikin, da danginta. Ukun farko suna koyar da ginin jimlar a lokuta daban-daban, kuma sun yi aikinsu yadda ya kamata. Darasi na 45 shi ne wanda ya shafi batunmu kai tsaye, kuma a ganina yana cikin shafukan da suka fi amfani a littafin gaba ɗaya. Ya nuna cewa magana ɗaya tana da hanya biyu: ko a fara da "it is said that", ko a fara da sunan mutumin a bi shi da "is said to". Sannan ya jero sauran kalmomin da ke shiga wannan tsari, irin su alleged, believed, considered, expected, known, reported, thought da understood.

Inda darasin ya fi burge ni shi ne yadda ya sa ɗalibi ya lura da lokaci. A ɗauki misalin marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa an kafa ta a 1498. Faɗin da ake yi yanzu ne ake yin sa, kafawar kuwa ta daɗe da wucewa, don haka Turanci zai ce "The dye pits are said to have been founded in 1498". Ɗalibi da yawa za su rubuta "are said to be founded", su bar "have been", sai ma'anar ta karkace. Aikin gwajin da ke shafin dama yana ba mutum jimla mai farawa da "it is", ya nemi ya juya ta ta fara da sunan wanda ake magana a kai, kuma maimaita wannan juyi da biro a hannu shi ke sa tsarin ya zauna a kai. Haka nan darasin ya raba ma'anoni biyu na "supposed to", ta "an ce" da ta "ya kamata", abin da ke rikita har waɗanda suka daɗe suna Turanci.

Sai dai wanda ya sayi littafin don ya iya bayyana yadda ake kallon mutum zai tarar rabin buƙatarsa ce kawai aka tattara masa a wannan darasi. Darasin ya karkata ga jimlolin da ke ɗaukar "to", yayin da masu ɗaukar "as" suke da yawa a rubutun yau da kullum, kuma a nan kurakurai suka fi taruwa. Ana cewa "Malam Aminu Kano is regarded as a champion of the poor", kuma "as" ɗin dole ne a nan. Idan aka sauya kalmar zuwa "considered", masu rubutu da kyau sukan bar "as" ɗin su ce "is considered a champion". Kalmar "called" ba ta ɗaukarsa sam. Ga kuma bambancin "known as" da "known for": idan aka ce "Kano is known as the Centre of Commerce", laƙabin jihar ake faɗa, idan aka ce "Kano is known for its dye pits", abin da ta shahara da shi ake nufi. Da an haɗa waɗannan a tebur guda kusa da darasi na 45, da ɗalibi ya huta da neman su ɗaya bayan ɗaya a ƙamus.

Abin da ya fi damuna ya wuce wannan. Littafin ya jero kalmomin nan takwas a layi ɗaya saboda tsarinsu iri ɗaya ne, amma nauyinsu a kan mutuncin mutum ya sha bamban. Wanda ya rubuta "he is known to have taken the money" ya tsaya a kan maganar, ya ce tabbas ne. Wanda ya rubuta "he is alleged to have taken the money" ya ce zargi ne da ba a tabbatar ba, shi ya sa 'yan jarida ke riƙe da wannan kalma matuƙar kotu ba ta yanke hukunci ba. "Is said to" kuma ya yi kusa da "wai" ɗinmu, mai faɗa ya janye jikinsa daga maganar. Ɗalibin da ya ɗauka duk ɗaya ne zai iya ɗora wa bawan Allah laifi a rubuce ba da niyya ba. Sannan mai karatu yana buƙatar a koya masa ya riƙa tambayar su wane ne suke ganin hakan idan ya ci karo da "is seen as" ko "is widely regarded as", domin wani lokaci ra'ayin marubucin ne shi kaɗai aka sa wa rigar jama'a. Murphy littafin tsarin jimla ya rubuta, kuma ban ga laifinsa ba da ya tsaya a nan, amma malamin da ke koyarwa da shi wajibi ne ya cike wannan giɓi a aji.

Ga mai niyyar saye, littafin yana fitowa iri biyu, mai amsoshi a baya da marar amsoshi, kuma duk wanda zai yi karatu shi kaɗai a gida ya tabbatar mai amsoshin aka ba shi. Bayanin duka da Turanci yake, Turancin Ingila kuma, mai sauƙi da gajerun jimloli, amma wanda bai riga ya iya karanta sakin layi ba gara ya fara da ƙaninsa mai jan bango, Essential Grammar in Use. Wanda ya gama darasi na 45 yana son ƙari, musamman ɗan jarida ko ɗalibin jami'a, zai samu bayani mai zurfi kan irin waɗannan jimloli a Advanced Grammar in Use na Martin Hewings, mai koren bango. A kuma buɗe littafin a duba kafin a biya, domin akwai bugun jabu a kasuwa masu dusasshen rubutu, waɗanda da ƙyar ake karanta ƙananan haruffan shafin amsoshinsu.