Fankar hologram ɗin da na saka a shago, bayan wata biyu

Masu ta tambayata a kan fankar nan da na rataya a shagon turarena, ga abin da na gani. Tawa mai santimita 42 ce, fukafukinta jere da ƙananan ƙwayayen wuta, da ta ɗau gudu sai fukafukin su ɓace kawai ka ga kwalbar turare a tsaye cikin iska tana juyawa, wallahi ranar farko wani yaro ya miƙa hannu zai kama da ƙyar na riƙe shi, washegari na sa aka yi mata murfi. Tawa ba ta zo da shi ba, don Allah duk mai saye ya fara da wannan.

Abin da ya fi ɗaure min kai, hoton fa a shimfiɗe yake, ba shi da kauri ko kaɗan. Na tura mata hoton kwalba mara motsi ya fito kamar sitika, amma ina saka bidiyon da kwalbar ke juyawa nan take ta yi ciki ta yi baya kamar ka ɗauka. Ashe aikin ƙwaƙwalwa ne, rubutun jikin kwalbar yana sauri in ya zo tsakiya, ya rage gudu a gefe ya matse, daga nan take lissafa cewa abin zagayayye ne. Tun 1953 wasu masana a Amurka, Wallach da O'Connell, suka nuna haka da inuwar lanƙwasasshiyar waya, in tana tsaye layi ne kawai, ana juya ta sai mutane su ga siffarta. Na rufe ido ɗaya ma na gwada, kaurin na nan. Amma ka matsa gefe ba za ka ga bayan kwalbar ba, sai dai hoton ya tsuke.

Matsalarta rana. Da azahar kusan ba a ganin komai, sai bayan magariba take fitowa sosai, a lokacin ne mutane ke tsayawa har su shigo. Tana da ƙara kaɗan, kuma dole bayan bidiyon ya zama baƙi ƙirin in ba haka ba faifai kawai za ka gani yana haske. Manhajarta ta waya ta ba ni wahala, na koma saka bidiyo ta memori.

Shawarata, mai shagon da ke kaiwa dare ya saya, ya kuma nemi wanda zai haɗa masa bidiyon kayansa suna juyawa a hankali.