Yaya, ga yadda ake yi da jaririn da bai yi kuka ba a Ingila

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Inna da yara. Kin tambaye ni ko gaskiya ne a nan Ingila ana sa jariri a na'ura a faɗa wa iyayensa ko zai yi tafiya ko ba zai yi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma an ƙara mata gishiri. Tunda ke ce ke karɓar haihuwa a can, ni kuma ɗakin jarirai marasa lafiya nake aiki a nan, gara in rubuta miki dalla-dalla ki karanta wa abokan aikinki.

Jaririn kin san shi. Shi ne wanda ke fitowa shiru, jiki laƙwas, saboda iska ta yanke masa a doguwar naƙuda, ko mabiya ta ɓalle kafin lokaci, ko cibiya ta matse. Farkon aikin duk ɗaya ne da namu: a goge shi, a motsa shi, a ɗora masa 'yar jakar hura iska. Daga nan hanya ta rabu. Ana ɗibar jinin cibiya a auna tsamin da ya taru a cikinsa, kuma cikin mintuna sakamako ya fito domin na'urar tana nan kusa. Idan cikin ya kai mako 36 kuma alamu sun nuna ƙwaƙwalwa ta taɓu, sai a fara sanyaya yaron kafin awa 6 ta cika. Akwai wata shimfiɗa da ruwa ke zagayawa a cikinta, da ita ake naɗe shi, a sa masa ma'auni a dubura, na'ura ta riƙe zafin jikinsa a digiri 33.5 har awa 72, sannan a ɗumama shi sannu a hankali. Hikimar ita ce ɓarnar ba ta tsayawa a lokacin da iskar ta yanke. Bayan 'yan awanni ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna sake shiga wani zagayen mutuwa, shi ne sanyin ke ragewa. Binciken TOBY da aka wallafa a 2009, wanda aka yi da jarirai 325, ya nuna kashi 44 cikin 100 na waɗanda aka sanyaya sun rayu ba tare da nakasa ba, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 28. Ba kowane asibiti ke yin wannan ba. Ƙananan asibitoci waya suke bugawa, wata tawaga ta musamman ta zo da motarta da kwalbarta ta ɗauki yaron.

Har yau idan na taɓa ƙafar irin wannan jariri na ji ta sanyi ƙalau, hannuna ƙaiƙayi yake yi in ja zani in lulluɓe shi. Renon gida ba ya barin mutum.

A cikin kwanakin ukun nan akwai 'yan wayoyi a kansa da ke zana motsin ƙwaƙwalwa a allo dare da rana, domin jijjiga da yawa ba ta fitowa a jiki, sai a allon ake kama ta. Likita kuma yakan zo da na'urar sikanin, irin wadda ake duba mai ciki, ya ɗora a maɗiga ya leƙa ciki. Amma babban hoton, wanda kika ji labari, na na'urar maganaɗisu ne da ake kira MRI, kuma sai bayan an ɗumama yaron ake yin sa, galibi daga kwana na 5 zuwa mako na biyu. Ni nakan raka su. A ba yaro nono ya ƙoshi, a naɗe shi tsam har barci ya ɗauke shi, a toshe masa kunne da wani abu mai laushi a ɗora kariya a kai, domin na'urar ƙara gare ta ba kaɗan ba. Ko maɓallin ƙarfe na rigarsa sai an cire. Ni ma sai na ajiye almakashi da makullaina a waje. Idan ya farka ya motsa, hoto ya lalace, a sake lallashi.

Wuri biyu likitoci suka fi zuba wa ido. Akwai can tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa motsin jiki. Shi ke fara ƙonewa idan iska ta yanke farat ɗaya, kuma idan ya taɓu sosai ana fargabar sandarewar gaɓoɓi, wahalar haɗiya da rashin zama ko tafiya. Akwai kuma gefe-gefe, inda ƙarshen jijiyoyin jini ke haɗuwa. Shi ke shan wahala idan iskar ta daɗe tana raguwa kaɗan-kaɗan, kuma irin wannan yaron yana iya tafiya lafiya lau, sai an kai ga magana da karatu matsalar ta bayyana. Wasu cibiyoyin suna ƙarawa da auna sinadaran da ke tsakiyar ƙwaƙwalwar da na'urar dai. Wani bincike mai suna MARBLE da masana na Imperial College a Landan suka jagoranta, aka wallafa a 2019, ya gano cewa yawan wani sinadari da ake kira NAA a wurin ya fi hoton kansa nuna yadda yaro zai kasance a shekara 2.

To amma, Yaya, hoton ba duba ba ne. Idan ya fito tsaf, iyaye suna da dalili mai ƙarfi na kwantar da hankali. Idan ɓarnar ta yi yawa, likita yana faɗa musu ba ɓoye-ɓoye. Tsakanin biyun nan akwai yara da yawa da babban likita da kansa zai ce sai an ga abin da watanni za su nuna. A wurina amfanin hoton na gaske shi ne abin da ke biyo bayansa. Tun yaro bai cika wata uku ba an haɗa shi da masu gashi, wato masu motsa gaɓoɓi, an gwada jinsa, an rubuta masa ranakun dawowa, sannan a shekara 2 a zaunar da shi a ba shi 'yan kayan wasa a auna fahimtarsa da maganarsa da motsinsa. A gida kuwa sau nawa uwa ke zuwa miki da ɗan shekara ɗaya da rabi bai riƙe wuya ba, bayan an gama zagayen masu magani an ce iska ce ko shafar aljanu?

Batun kuɗi shi ne ya fi ba ni mamaki da na zo. Babu tagar biya a ɗakinmu. Ba wanda ake miƙa wa takarda a ce je ka sayo allura ko ka biya kuɗin oksijin kafin a taɓa ɗanka. Amma kada ki ɗauka sadaka ce. Haraji ake yanka daga albashi tun kafin ya shigo hannu, baƙi kuma suna biyan fam 1,035 na kowace shekara tare da kuɗin biza, sai dai mu ma'aikatan lafiya an ɗauke mana. Kuma gaggawar nan ta mai rai a hannun Allah ce. Babban mutum mai ciwon baya yana iya jiran watanni kafin layin wannan hoton ya zo kansa, alhali a Kano ko Abuja mai kuɗinsa a hannu zai yi a makon.

Inda muka fi su nesa ba kusa ba shi ne jego. Mai haihuwa a nan ita da mijinta ne kawai a bakin kwalba, ba kaka, ba gwaggo mai dafa ruwa, ba kunun kanwa. Ranar hoton kuma takan faɗo daf da ranar suna. Na ga uba Musulmi ya sunkuya a jikin kwalba ya raɗa wa ɗansa suna, ragon kuma an tura kuɗi an yanka a gida.

Yanzu ga abin da nake roƙon ki da shi. Kada wani ya ji labarin nan ya jera wa jariri ƙanƙara ko ya bar shi a gaban fanka. An gwada sanyayawar a manyan asibitocin Indiya, Siri Lanka da Bangaladash, da na'urori na gaske, a binciken HELIX mai jarirai 408 da aka wallafa a 2021. Ba ta rage jimillar masu mutuwa ko nakasa ba, mutuwa ma ƙaruwa ta yi: kashi 42 cikin 100 a waɗanda aka sanyaya, 31 a waɗanda ba a sanyaya ba. Masu binciken suna zargin cewa yaran can sun daɗe suna shan wahala a ciki kafin a haife su, ɓarnar ta riga ta yi nisa. Yanayinmu ya fi kama da nasu, tunda ƙididdigar lafiya ta 2018 ta nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Najeriya ake yi a asibiti, da yawa kuma sai naƙuda ta kwana ake kawo su.

Abin da za ki iya ɗauka daga nan ba ya buƙatar wuta. Ki rubuta a katin yaro minti nawa ya yi kafin ya yi numfashi, ko ya yi jijjiga, da ranar da ya fara kama nono. Ki ce wa uwar ta dawo da shi a wata 3, 6 da 9 ko da lafiyarsa ƙalau. Idan wuya bai tsaya ba a wata 4, ko hannu kullum a dunƙule, ko ya fifita hannu ɗaya tun bai shekara ba, ki tura su wurin masu gashi a babban asibiti ba tare da jira ba. Na saya muku jakunkunan hura iska na jarirai da ƙananan marufan fuska na bakwaini, zan ba mai zuwa gida ya kawo. Ki gaishe da Inna, ki ce mata man zafin nata yana cikin kayan.