Wace na'ura za ka saya in gonar itacenka tana kan gangara?

A shimfiɗaɗɗen fili irin na Gezawa ko Haɗejia, direban tarakta zai wuni yana aiki yana hira da yaran mota. Kai shi Doguwa ko Riruwai, ko cikin duwatsun Kazaure da Roni, ka haɗa masa tirela cike da gungumen turare a kan gangara, kafin azahar za ka ji ya yi tsit. Jikinsa da sauran ƙarfi, kansa ne ya ɗau zafi. Yana duba kututture, yana duba bakin kwazazzabo, ƙafarsa na kan birki, kunnensa na kan kukan inji, zuciyarsa kuma na lissafin ko kayan da ke baya za su rinjaye shi. Mai saye yakan tambayi ƙarfin inji da shan mai, ya manta da wannan gajiyar, alhali ita ke kifar da tarakta.

A Turai, inda injuna irin na Ponsse da John Deere ke sare itace su yanka shi gunduwa-gunduwa, an auna abin sosai. Har tabarau mai bin motsin ido aka sa wa direbobi, aka ga cewa duk sa'ad da gangara ta ƙara tsini, nauyin da ke kan tunaninsu yana ƙaruwa. Waɗannan injunan ba namu ba ne, kuɗinsu da gyaransu sun fi ƙarfin mai 'yan kadada na turare ko darbejiya. Amma darasin ya shafe mu.

Abin da aka fi gani a wajenmu shi ne tarakta mai ja da ƙafafun baya kaɗai, irin su Massey Ferguson 375. Kayan gyaranta na nan a kasuwar Kofar Ruwa ta Kano, kuma kusan kowane bakanike ya san ta. A tudu mai sauƙi ta wadatar. Matsalarta a gangarowa take: birkinta a ƙafafun baya yake, to in ƙasa ta jiƙe ko tsakuwa ta yi yawa, sai tirela ta riƙa tura ta, direba ya rasa abin da zai riƙe ta da shi. A hawa kuma gabanta kan ɗaga, musamman in an ɗaura sarƙar ja sama da inda aka tanada. In gaban ya ɗaga, tarakta kan kai matakin da dole ta kifa ta baya cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, wanda ya gaji ba zai taka kulochi a kan lokaci ba.

Mai ja da ƙafa huɗu ta fi tsada, ta fi cin kuɗin gyara, amma ni ita nake zaɓa wa duk wanda rabin gonarsa gangara ce. In an sa giyar ƙafafun gaba, ƙafafun huɗu ne ke riƙe ƙasa, injin ma ya taya birki aiki. Direba ya samu sararin duba hanya, ba kullum yana kokawa da sitiyari ba. Ka nemi wadda sitiyarinta ke aiki da mai, wadda kuma za a iya buɗa tsakanin ƙafafunta, don faɗi na hana tuntsurewa.

Sai ƙaramar nan mai ƙafa biyu da ake kira fawa tila. Arha gare ta, a fadamar shinkafa kuma ba ta da tamka. A gangara da kaya ina jin tsoronta ƙwarai. Da yawansu da kulochin hannu ake juya su, kuma in kaya na tura ta ƙasa, ka matsa na hagu sai ta yi dama. Wato dole direba ya riƙa juya abin da hannunsa ya saba, a daidai lokacin da ba shi da damar tunani.

Inda tsinin ya yi yawa, kada na'ura ta hau ma. A tsayar da tarakta a wuri mai kyau, a jawo gungume da igiyar ƙarfe, ko a bar wa shanun huɗa da amalanke guntun wurin.

Kowace ka zaɓa, kada ka karɓe ta babu ƙarfen kariya da ke saman kujera, tare da bel ɗin ɗaure direba. Suwidin ta wajabta ƙarfen a kan sababbin taraktoci tun 1959, mutuwar kifewa ta ragu matuƙa. Mu nan sai a cire shi a kafa rumfar kwano, wadda ke tare rana amma ba ta tare komai in an kifa. Direban da ya san yana da kariya hankalinsa ya fi kwanciya.

Ranar ciniki, Alhaji, ka tafi da wanda zai tuƙa ta. Ya duba ko maƙallin da ke haɗa birki biyu yana nan, ko giya ba ta fita da kanta, ko yana hango ƙasa ta gaban ƙafa daga kujera. Ya sauko da ita wata gangara a ƙaramar giya ba tare da taka kulochi ba. Sannan ka tsara masa aikin tudu da sanyin safiya, ka biya shi da wuni, ba da yawan sawu ba. Takardar izinin sara kuma ka karɓe ta wajen malaman daji tun kafin tarakta ta iso.