HP EliteBook 840 G5: Ta Cancanci A Saya Wa Maiɗaki, Amma Sai An Duba Ta Da Kyau

Yawancin magidantan da ke shiga shagon kwamfuta a Katsina don saya wa iyali laftof, kwali suke nema. Suna son abin da za a kai gida a ɓare leda, a ji ƙanshin sabon abu. Mai shago kuwa ya san haka, sai ya ɗauko wata siririya mai sheƙi, sabuwa dal, da farashin da bai tsorata kowa ba. Idan ka duba takardar jikinta za ka ga ƙaramin inji Celeron N4020, RAM (ƙwaƙwalwar da ke riƙe aikin da ake kan yi) 4GB, ma'adana 64GB irin ta eMMC mai jinkiri. Windows kaɗai zai cinye kaso mai yawa na wannan ma'adanar, RAM ɗin kuma a yawancinsu manne yake da allon ciki, ba a ƙara shi. Wata biyu ba za a yi ba uwargida za ta koma wa wayarta, laftof ɗin ta zama abin kallon katun na yara.

Da kuɗin da ya yi kusa da wannan, ko a ɗan ƙara kaɗan, ana samun ta hannu wadda aka ƙera don ma'aikatan kamfanoni a Turai da Amurka, irin wadda 'yan kasuwa ke kira 'yar Landan. A cikin waɗannan, wadda ta fi dacewa da aikin gida na yau da kullum ita ce HP EliteBook 840 G5, ko ƙanwarta G6 da ta biyo bayanta. G5 ta fito ne a 2018. Sikirinta inci 14, nauyinta kusan kilo ɗaya da rabi, jikinta na alminiyom. Tana shiga jakar hannu babba, ba ta nauyaya wa wadda za ta riƙa kai ta makaranta ko ofis a Keke Napep.

Aikin da ake nufi a nan shi ne na malama mai shirya darasi da shigar da makin ɗalibai a Excel, ko ɗaliba a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Al-Qalam mai rubuta furojet, ko mai sayar da atamfa da turaren wuta da ke son buɗe WhatsApp a babban sikirin ta tsara hotunan kaya a Canva, da dare kuma a saurari tafsiri ko a kalli fim a YouTube. Duk wannan G5 na yin sa ba tare da haki ba. Wadda ke tace bidiyo mai nauyi ko zanen gine-gine, wannan ba tata ba ce.

Abu na farko da za ka tambaya shi ne zubin injin, wato abin da masu shago ke kira janareshon. Kada ka tsaya a kan jin "i5" ko "i7", don nan ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Lambar da ke biye ita ce magana. i5-8250U ko i5-8350U zubi na 8 ne, tana da ƙwaƙwalwar aiki huɗu. i7-7500U kuwa zubi na 7 ne, biyu kawai gare ta, don haka i5 ta zubi na 8 ta fi ta ƙarfi duk da sunan i7 ya fi cika baki. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida daga zubi na 8 na Intel yake farawa. Tsofaffin 840 G3 da G4 da suka cika kasuwa ana iya tura masu Windows 11 ta bayan gida, amma ba su cikin jerin da kamfanin ya amince da shi, kuma ba ka da tabbacin sabuntawa gobe. Sannan a kula, ita kanta G5 akwai wadda aka fitar da i5-7200U ko 7300U, waɗanda zubi na 7 ne. Sunan da ke bayan murfi bai isa ba. Buɗe Settings, shiga System, sannan About, ka karanta lambar da idonka.

RAM kada ya gaza 8GB, idan da hali 16GB. Kyawun G5 shi ne ramin RAM biyu gare ta, duka ana cirewa a sa, don haka ko ka saye ta da 8GB, bayan shekara mai gyara zai ƙara wani cikin minti goma. Ma'adana SSD ce irin ta M.2, 256GB ta isa takardu da hotuna, mai tara finafinai da karatuttukan malamai ta nemi 512GB.

Batir shi ne inda za ka fi daɗewa, saboda halin wutarmu sananne ne. Laftof ɗin da ba ta riƙe caji a garin nan talabijin ce kawai mai murfi. Batirin G5 yana da ƙarfin 50Wh lokacin da yake sabo, amma na'urar da ta yi shekaru tana aiki a wani ofis ba za ta zo da shi cikakke ba. Mai shago zai ce maka "tana yin awa shida". Ba sai kun yi musu ba. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, ka danna Enter. Zai nuna maka inda ya ajiye rahoto. Buɗe shi ka nemi layi biyu. Design Capacity shi ne ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, wajen 50,000 mWh, wato 50Wh ɗin nan. Full Charge Capacity shi ne abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na biyun ya kai 40,000 zuwa sama, batirin na da sauran rai, zai ba da awa huɗu zuwa biyar a aikin rubutu da intanet idan an rage hasken sikirin. Idan ya faɗo ƙasa da 35,000, ko dai a sauya maka shi, ko a rage kuɗin sabo daga farashi. Lambar batirinta SS03XL ce. Akwai jabu da yawa, waɗanda za su nuna kashi 40 sannan na'urar ta mutu farat ɗaya, don haka bayan rahoton ma a cire caja a bar ta tana kunna bidiyo na minti ashirin kana kallon yadda kason ke sauka. Ka kuma ɗora ta a kan tebur mai santsi ka duba: idan tana rawa, ko wurin shafa yatsa ya ɗago sama, batirin ya kumbura. Wannan a bar ta.

Abin da ya fi ɗaga darajar G5 a kan tsofaffin shi ne tana karɓar caji ta ramin USB-C, ban da cajarta mai siririn baki shuɗi. Ma'anar haka, fawa bank mai PD, wato tsarin caji mai ƙarfi ta USB-C, da ke fitar da wat 65 zai iya caja ta. Mai 20,000mAh yana ɗauke da kimanin 74Wh, idan an cire abin da ke salwanta a hanya zai cika ta kusan sau ɗaya. Ƙaramin fawa bank na waya ba zai yi ba, kebul ɗin ma sai wanda aka yi don wannan ƙarfin. Gidan da ke da sola da inbata kuwa ba za su ma ji nauyinta ba. Wanda ya haɗa kyautar da irin wannan fawa bank ya fi wanda ya ƙara kuɗi don neman i7.

Caja ta zama ta asali, wat 45 ko 65. Ta jabu ba ta da nauyi a hannu, tana zafi da wuri, wani lokaci kibiyar sikirin ta riƙa tsalle da kanta idan an jona. A kan ƙaramin janareto ko lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi, irin wannan cajar ce ke ƙona allon ciki. A saba da zare caja idan an ɗauke wuta, a mayar bayan ta zauna.

Sikirin yawancin G5 mai ɗigon hoto 1920 da 1080 ne, rubutu na fita tas. Buɗe farin shafi ka ƙure haske don ganin tabo ko ɗigon da ya mutu, sannan baƙin shafi don ganin ko haske na tsiyaya daga gefe. Wasu na zuwa da Sure View, wato sikirin da ke hana na gefe ganin abin da ake yi. A banki yana da amfani. A falo, inda mutum biyu ko uku za su zauna kallo, takura ne. Kibod kuma a danna kowane maɓalli a Notepad. A lura da waɗanda suka fito daga Jamus ko Faransa: jerin haruffansu daban ne, sai a liƙa masu sitika a sama, bayan wata uku sitikar ta fara ɓarewa. Shafa yatsa a kai za ka ji. Mai rubutu da Hausa tana iya ƙara kibod ɗin Hausa a saitin harshe na Windows don samun ƙ da ɗ da ɓ.

Saura makullai, waɗanda su ne ke mayar da na'ura mai kyau ta zama kwandon shara. Kashe ta, kunna, ka riƙa danna F10 har BIOS, wato shafin saitin da ke zuwa kafin Windows ya tashi, ya buɗe. Idan ya nemi kalmar sirri kuma mai shago bai san ta ba, ajiye masa kayarsa. Na biyu ya fi ɓoyuwa: wasu kamfanoni na yi wa kwamfutocinsu rajista, ta yadda duk ranar da aka sake zuba Windows aka jona intanet, sai sunan kamfanin ya fito yana neman imel ɗin ma'aikaci. Hanyar gane wannan ita ce a goge Windows a sake saita shi a gabanka, da intanet a jone. Zai ci kusan awa guda. Ka zauna.

Inda G5 ta gaza ma a faɗa. Ba ta da ramin katin SD, mai ɗaukar hoto da kyamara sai ta sayi abin jonawa. Kyamararta 720p ce, ta isa Zoom da rana, da dare fuska na dishi-dishi. Tana kuma da fanka, fanka kuwa a Katsina na nufin ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazon hunturu na cusa ƙura cikin ramukan iska, sai bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 a Afrilu, na'urar ta riƙa gurnani tana rage gudu don kare kanta. Maganin shi ne a kai wa mai gyara bayan kowane hunturu ya buɗe ƙasa ya busa fankar, duk shekara biyu kuma ya sauya man da ke tsakanin injin da abin sanyaya shi. A gida kada a ɗora ta a kan katifa, bargo ko kafet, don ta ƙasa take shaƙar iska. Faranti mai faɗi ko ɗan katako ya wadatar. Kada a bar ta cikin mota a rana. Zafi ne ke kumbura batir.

Idan ba a samu G5 mai lafiya ba, Lenovo ThinkPad T480 sa'arta ce, ita ma ta 2018. Ba ta kai ta kyan gani ba, baƙa ce kamar allon makaranta, amma kibod ɗinta ya fi daɗin rubutu, kuma batir biyu take ɗauka: na ciki mai 24Wh da na waje da ake zarewa, wanda akwai mai 72Wh. A duba rahoton batir a tabbatar duka biyun na nan, don wasu ba su da na cikin. A kuma guji mai sikirin 1366 da 768, sannan a sa mai gyara ya sabunta manhajar Thunderbolt da Lenovo ta fitar, saboda tsohuwar na iya lalata ramin USB-C, ita kuwa ta USB-C take caji. Mai ƙarin kuɗi, musamman idan uwargida na riƙe da iPhone, ya dubi MacBook Air M1 ta 2020. Ba ta da fanka sam, don haka ba ruwanta da shaƙar ƙura, batirinta kuma na iya wuni. Sai dai RAM da ma'adanarta ba a ƙara su, ramukanta USB-C biyu ne kacal, gyaranta na da tsada kuma sau da yawa sai an dangana da Kano. Wadda aka bar iCloud, wato asusun Apple na tsohon mai ita, a kai kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Farashi na bin dala, don haka a zagaya shago uku a cikin gari, a kuma tambayi na Farm Centre ko titin Beirut a Kano kafin a yanke. Wani lokaci ɗan bambancin bai kai kuɗin mota da wahalar komawa idan matsala ta taso ba. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar, a rubuta kwanakin garanti a kai, a kuma fayyace ko batir da caja na ciki.

Kafin a miƙa, a saita ta da sunanta da imel ɗinta, ita ta zaɓi kalmar sirrinta. Idan maigida ya sa nasa, duk ranar da aka nemi lambar tabbatarwa sai an kira shi a kasuwa, kyautar ta koma aro. Idan tana da wurin karanta yatsa a sa, amma a haɗa da lambar PIN, don yatsa mai danshi ko maiƙon girki ba ya karantuwa. A buɗe wa yara nasu asusun daban wanda ba ya iya sa manhaja. Mai mata biyu kuma ya san lissafinsa tun kafin ya shiga shago. Duk wannan haka yake ga matar da ke son yi wa maigida bazata, sai dai ita ta tafi da ƙaninta ko wani da ya san kan abin, ya zauna a yi gwajin nan a gabansa.

Tunda yawanci da hotspot na waya za a riƙa shiga intanet, a shiga saitin Wi-Fi ɗin a kunna Metered connection. In ba haka ba Windows zai ja sabuntawarsa ya shanye datar wata a dare ɗaya. Manyan sabuntawar a yi su tun a shago, a kan intanet ɗin mai shago, kafin a sa ta a jaka.