Hattara da ɗan kwangilar da ke yanka farashin gangare daga cikin mota

Jama'a, duk mai fili a jikin tudu da yake neman wanda zai yanke masa ciyawa da inji, ya karanta wannan kafin ya tura ko sisi. Ni an yi mini. Ba zan kama suna ba, don irinsu yau da wannan suna, gobe da wani, lambar waya ma haka.

Filina eka shida ne, kusan biyu daga ciki gangare ne mai tsauri da ya sauka zuwa rafi. Ciyawa ta kai ƙugu, ina tsoron gobara idan ta bushe. Sai na ga tallar wani ɗan kwangila a Facebook: hoton inji mai ƙafar sarƙa irin ta katafila, wanda ake tuƙawa da rimot daga nesa, yana manne da gangare kamar ƙadangare a bango. Na kira, ya zo, ko mota bai kashe ba. Ya leƙo ta taga ya ce, "Maigida, wannan ai ba aiki ba ne, injina yana hawa 45." Ya yanka farashi mai sauƙi, ya nemi rabi kuɗin kafin alƙalami, wai na mai da hayar tirela. Na tura, ina murna na samu araha.

Ranar aiki sai ga shi da ƙaramin inji na zama, wanda ake hawa a tuƙa, irin na gyaran filin ƙwallo. Mai rimot ɗin fa? Wai yana wurin gyara. Ya share shimfiɗaɗɗen wurin tas cikin yini ɗaya, gaskiya ya yi kyau, kuma da wannan kyan ya ƙara kama ni. Da yamma ya ce tudun ya fi yadda ya zata, sai na ƙara wani abu. Na ƙara, tunda na riga na tsunduma. Washegari ba na nan, ya turo yara biyu da tankin feshi a baya suka bi gangaren. Da na tambaya, ya ce magani ne da ke sa ciyawa ta yi laushi kafin yanka. Babu irin wannan magani. Bayan kwana goma gangaren ya zama ruwan ɗorawa, wayarsa kuma a kashe. Jarkar da suka yar a gindin tudu ta nuna glyphosate ne, mai bin ganye ya kashe tsiro har saiwa.

Kuɗin da ya tafi da su ba su ne babbar asarar ba. Saiwar ciyawa ita ce ke riƙe ƙasa a jikin gangare, shi ya sa ake yanka ta a bar mata tsawo, ba a kashe ta. Ruwan sama mai ƙarfi na farko ya yi mini rami uku daga sama har rafi.

Wannan "45" ɗin da ya faɗa, a nan ne dabarar take, kuma sai daga baya na fahimta. Hanya biyu ake auna gangare: da digiri ko da kashi cikin ɗari. Digiri 45 shi ne inda ƙasa ke hawa mita 10 a duk mita 10 da ka yi gaba, wato kashi 100. Kashi 45 kuwa digiri 24 ne kawai. Idan mutum ya ce maka 45 bai faɗi wanne ba, ya bar wa kansa ƙofar gudu. Injin zama na gida kuwa, yawancin kamfanonin da ke ƙera shi sun rubuta a littafinsa cewa kada a wuce digiri 15 da shi, wato hawan da bai kai mita 3 ba a duk mita 10. Sama da haka yana iya kifewa ya danne mai tuƙi, balle idan ciyawar da raɓa. Nawa tudun, da na ɗora waya a kan katako na auna da manhajar awon karkata, wani wurin ya haura digiri 30. Injin da ya kawo ba zai taɓa hawa ba, kuma ya sani tun yana cikin mota.

Wani maƙwabcina ta wata fuskar aka cuce shi: an ninka masa girman fili, wai gangare ya fi abin da taswira ke nunawa. Akwai ƙanshin gaskiya, amma ƙarin a digiri 30 bai wuce kusan kashi 15 cikin ɗari ba. Ninki ƙarya ce.

Wanda na ɗauka daga baya don gyaran ɓarnar, kafin ya ce uffan kan kuɗi sai da ya taka gangaren da ƙafa, yana neman duwatsu, kututture, ramuka da tsohuwar wayar shinge da ke ɓoye a ciyawa. Ya ce in je in ga injin a gidansa. Ya ba ni takardar inshora, ya ce in kira kamfanin da kaina, da lambar da zan nemo, ba wadda ke jikin takardar ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don in inji ya kife da mutum a filinka babu inshora, kai ma ana iya nemanka. Mun rubuta yarjejeniya: ba feshi, gangare za a fara yi, biya kuma sai na taka na gani. Inda inji ba ya zuwa, da injin yanka da ake ratayawa a kafaɗa suka yi.

Hoton nan na mai rimot, na saka shi a binciken hoto na Google, sai ga shi a shafin kamfanin da ya ƙera injin. Makon jiya na sake ganin tallar, hoton bai canza ba, suna ne sabo, har da ƙarin cewa akwai rangwame ga wanda ya biya duka a gaba.