Injin Atlas 150 da taliya mai cushen naman zabo

Wata huɗu ke nan ina amfani da injin murza taliya ƙirar Atlas 150, na kamfanin Marcato da aka kafa a yankin Padova na ƙasar Italiya a 1930, kuma abinci guda ɗaya ne ya sa na saye shi, wato cappelletti, taliyar mutanen yankin Emilia-Romagna na Italiya wadda ake cusa wa nama da cuku, a naɗe ta kamar ƙaramar hula, a dafa ta cikin romo. Duk wanda ya taso a gidan da ake yin taliyar murji ba zai ga baƙon abu a jikinsa ba, domin ana ɗaure shi ne a bakin tebur, a riƙa juya mariƙinsa da hannu.

Abin da ya sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba shi ne yadda yake fitar da fallen kwaɓi. Yana da matakan kauri goma, daga 0 zuwa 9, faɗin fallen kuma santimita 15 ne, ba ya yin kauri a gefe guda ya yi shara-shara a ɗaya gefen. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga taliya mai cushe, saboda a wurin naɗin kwaɓin yana ninkuwa biyu, idan kuwa ya yi kauri sai gefen ya dahu alhali ƙullin bai gama dahuwa ba. A mataki na 7 nake tsayawa, inda nake iya hango inuwar yatsuna ta bayan fallen. Ma'aunin kwaɓin kuwa na Italiyawa nake bi, ƙwai ɗaya ga kowane giram 100 na fulawa, sannan na rufe shi ya huta na rabin awa.

A Emilia-Romagna, romon dandaƙaƙƙen zakara ne aka fi ji da shi, musamman ranar Kirsimeti. Na fara da ƙirjin kaza, sai na ji cushen ya yi lami, don haka na koma ga zabo, wanda su ma Italiyawan suna ci, suna kiransa faraona. Nakan soya tsokar sama-sama da man shanu, in niƙa ta, in haɗa da ƙwai da cukun Parmigiano Reggiano da gyaɗar ƙamshi da ɗan ɓawon lemun tsami, ƙasusuwan kuma su tafi tukunyar romo da albasa da karas. A ganina zabo ya fi kaza nesa ba kusa ba a wannan girkin, domin ƙamshinsa ba ya ɓacewa a ƙarƙashin cuku. Minti uku zuwa huɗu sun isa taliyar ta dahu a cikin romon.

Mai niyyar saye ya sani cewa ba a wanke injin da ruwa, da buroshi da busasshen ƙyalle ake goge shi. A lokacin hunturu kuma iska tana busar da fallen nan da nan har bakinsa ya ƙi mannewa, saboda haka kaɗan-kaɗan nake murzawa, sauran kwaɓin yana lulluɓe da ƙyalle mai danshi.

Mutanen Emilia-Romagna sukan haɗa wannan abinci da Lambrusco, jar giyar inabi mai kumfa da ɗan tsami, irin ta garin Sorbara da ke kusa da birnin Modena, bisa hujjar cewa tsamin yana wanke maiƙon romo da cuku daga harshe. Ni ba na shan giya, amma hujjar tasu ta yi mini amfani, domin ita ce ta sa na gwada zoɓo mai sanyi wanda aka rage wa sukari sosai. Citta da kanumfari ne kawai na daina sakawa a ciki, don na lura suna danne ƙamshin zabon.