Tikitin jirgin ruwa na awa 72 a Venis: ya biya kuɗinsa kuwa?

Duk wanda ya shiga birnin Venis na ƙasar Italiya da jaka a baya da guzirin da ya ƙididdige tun daga gida, abin da zai fara cinye masa kuɗi shi ne zirga-zirga. Garin ba mota, ba babur, ko keke an hana hawa a cikinsa. Tsibirai ne fiye da 100 waɗanda gadoji fiye da 400 suka haɗa, don haka ko dai ƙafa ko ruwa. Jirgin hayar da kowa ke hawa shi suke kira vaporetto. Lokacin da na je, hawa ɗaya yuro 9.50 ne, tikitin kuma na aiki minti 75 kacal. Na awa 24 yuro 25, na awa 48 yuro 35, na awa 72 kuma yuro 45. Wannan na ƙarshen na saya, kuma lissafin a fili yake: hawa biyar ya mayar da kuɗin.

Ban kwana cikin tsohon garin ba, domin kuɗin masauki a can ya fi ƙarfin aljihuna. A Mestre na sauka, a ɓangaren tudu, a irin masaukin nan da ake haɗa baƙi ɗaki ɗaya kowa da gadonsa. Nan na fara jin daɗin tikitin, don ya haɗa da bas da taragon cikin gari masu tsallaka doguwar gadar nan mai kusan kilomita 4 zuwa Piazzale Roma, inda motoci ke ƙarewa. Bas ɗin filin jirgin sama ne kawai ba ya ciki, wannan sai ka biya daban.

Layi na 1 shi ne abin da na fi so a tafiyar gaba ɗaya. Yana bin Canal Grande, babbar hanyar ruwan da ta ratsa garin, yana tsayawa kusan kowace tasha, ba ya sauri ko kaɗan. Masu kuɗi suna biyan yuro 90 su hau gondola, ƙaramin kwale-kwalen da ake tuƙawa da hannu, na rabin awa, kai kuwa da tikitinka za ka bi ruwan daga farkonsa har ƙarshensa sau nawa ka ga dama. Amma fa ka yi sammako. Da sassafe akwai kujeru a waje ta bayan jirgin, kuma a lokacin ne za ka ga garin yana aikinsa na gaskiya: kwale-kwalen kayan miya da kifi sun nufi kasuwar Rialto, na kwashe shara suna ta loda buhuna, motar asibitinsu ma jirgin ruwa ce. Za ka wuce ƙarƙashin gadar Rialto da aka kammala a 1591. Kafin nan, ta hannun dama in ka taso daga Piazzale Roma, akwai wani gini mai ginshiƙai da yawa, Fondaco dei Turchi, wanda daga 1621 zuwa 1838 ya kasance masauki da ma'ajiyar hajar fataken Daular Usmaniyya. Na daɗe ina kallonsa. Zango ne irin wanda muka sani, inda baƙon ɗan kasuwa ke sauke kaya ya kwana kusa da dukiyarsa, sai dai wannan ƙofarsa ruwa take kallo. Yanzu gidan adana kayan tarihin halittu ne.

Inda tikitin ya fi amfani shi ne tsibiran waje, waɗanda ƙafa ba ta kai ka. Daga tashar Fondamente Nove layi na 12 zai kai ka Murano, inda aka mayar da maƙeran gilashi tun 1291 saboda tsoron gobara a cikin gari, sannan ya zarce Burano mai gidaje kala-kala, tafiyar kusan minti 45. Da tikitin ɗai-ɗai, wannan zagayen kaɗai zai kusa cin yuro 30. Haka nan tsibirin San Giorgio Maggiore, tasha ɗaya daga tashar San Zaccaria a layi na 2. Hasumiyarsa ba ta da dogon layin jira irin na hasumiyar San Marco, babban dandalin garin, kuma daga samanta kana ganin garin duka a shimfiɗe.

Da rana ta take kuwa, sai haƙuri. Jiragen kan cika maƙil, a tsaye za ka yi tafiyar, wani lokaci jirgi ya zo ya tafi ba ka samu shiga ba. Tsakanin Rialto da San Marco ma ɓata lokaci ne jiran jirgi, ƙafa ta fi sauri nesa ba kusa ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne 'yan garin. A 1951 mutum kusan 175,000 ne ke zaune a tsohon garin, a 2022 sun koma ƙasa da 50,000. Wannan jirgin da muke hawa don kallo, su shi ne hanyarsu ta zuwa aiki da makaranta da asibiti. Na ga wata tsohuwa da keken cefanenta tana neman inda za ta raɓa, mu kuwa mun tare hanya da manyan jakunkuna muna ɗaukar hoto. Don Allah in ka shiga ka sauke jakar daga baya ka ajiye tsakanin ƙafafunka, ka matsa ciki, kujerun tsofaffi kuma ka bar musu.

Dole ka ɗora tikitin kan na'urar da ke bakin tasha duk lokacin da za ka hau, in ba haka ba akwai tara. Awa 72 ɗin kuma daga ɗorawar farko ake fara ƙirga su, saboda haka in da daddare ka iso, bari sai da safe. 'Yan ƙasa da shekara 30 suna da katin rangwame, ka tambaya kafin ka biya.

Sauran tsimin da na yi a abinci ne. Famfunan kan titi ruwansu na sha ne kuma kyauta, gora ɗaya ta ishe ka. Burodi da cuku da 'ya'yan itace daga kanti sun riƙe ni da rana, sai dai an hana zama a matakalar gada ko a ƙasa a dandalin San Marco don cin abinci. Naman alade na cikin ƙananan abincinsu da yawa, don haka na tsaya kan kifi, da dare kuma in koma Mestre inda 'yan Bangladesh ke da shagunan halal.

Wanda yini ɗaya kawai zai yi, kuma ba zai fita tsibirai ba, ban ga dalilin da zai sayi wannan tikitin ba. Ya taka da ƙafa, ya duba ko ranar na cikin ranakun da ake karɓar kuɗin shiga gari daga masu zuwa su koma, tsarin da aka fara a 2024. In yana so ya ɗanɗani gondola, akwai traghetto masu tsallakar da mutane daga gaɓa zuwa gaɓa a Canal Grande kan yuro 2. Su ba sa cikin tikitin, kuɗi hannu ake ba matuƙin.